Ba A Fafa Gora Ranar Tafiya: Horon Ma'aikatan Jirgin Ruwa

Mu da muka tashi nesa da teku, da wuya mu ji nauyin wannan magana, sai dai in mun tuna cewa mai aikin jirgi ba shi da maƙwabcin da zai yi wa kururuwa. Kadan gobara ta kama gida a gari, jama'a za su sheƙo da tulunansu. Amma a tsakiyar bahar, waɗanda ke cikin jirgi su ne 'yan kwana-kwana, su ne likitoci, su ne masu ceto.

A shekarar 1912 jirgin Titanic ya yi karo da dutsen ƙanƙara ya nutse, mutum fiye da 1,500 suka hallaka. Kowa ya san kwale-kwalen ceto sun kasa, guda 20 ne kurum, masu ɗaukar mutum 1,178, alhali mutanen jirgin sun haura 2,200. Amma abin da ya fi ba mu takaici shi ne, waɗanda suka tsira ɗari bakwai ne da 'yan kai. Watau ko wuraren da ake da su ba a cika ba, an sauke waɗansu kwale-kwale rabinsu wofi, gama ma'aikatan ba su saba da aikin ba. Wannan ba laifin ƙanƙara ba ne.

Daga nan aka fara yarjejeniyar kiyaye rayuka a teku a 1914, a 1978 kuma aka yi wadda ta shafi horon ma'aikata, aka gyara ta a 1995 da 2010. Bisa gare ta, kafin mutum ya kama aiki sai ya koyi yadda zai rayu in an bar jirgi, da kashe wuta, da taimakon wanda ya ji rauni, da kiyaye kansa da abokan aikinsa. Yana koyon cewa busa bakwai gajeru da ɗaya doguwa ita ce kiran haɗari. Yana koyon faɗawa ruwa da ƙafafu a haɗe, ya danne rigar ruwansa kada ta buge masa haɓa. Ana gaya masa kada ya sha ruwan teku kome ƙishi, domin gishirinsa ƙara ƙishi yake yi har ya kashe, kada kuma ya watsa ruwa kan wutar mai. Bayan shekara biyar sai ya sāke gwada cewa hannunsa bai mance ba.

To, ga inda muka tsaya. Waɗansu na ganin da zarar an sami takardar shaida magana ta ƙare, mu kuwa, da muke koyon aikin malanta, mun san nisan da ke tsakanin yaron da ya haddace ƙa'ida da wanda ya iya aiki da ita. Cikin duhu, jirgi ya karkace, hayaƙi ya cika lungu, ilimin kai yakan gudu, sai abin da jiki ya saba ya rage. Don haka ne doka ta ce kowane ma'aikaci ya shiga gwajin barin jirgi da na gobara kowane wata. Kyaftin ɗin da ya rubuta cikin littafi cewa an yi, alhali ba a yi ba, a ganinmu ya ci amanar mutanensa tun ruwa bai taɓa su ba.

Za a ce mana horo ba ya hana zari, kuma gaskiya ne. Jirgin Joola na Senegal da ya kife a 2002 an yi masa lodi ninki uku ko fiye, mutum sama da 1,800 suka mutu, ba gwajin da zai ceci wannan taro. Amma ma'aikacin da aka koya wa dalilin iyakar lodi ya fi kusa da buɗe baki ya ce a'a.

Yarjejeniyar nan ta jiragen teku ce, ba ta kai ga masu fito a Kwara da Binuwai ba. A Yunin 2023 jirgin da ya ɗauko 'yan biki ya kife kusa da Pategi cikin dare, fiye da mutum 100 suka rasu. Masu fito sun fi kowa iyo, amma iyon matuƙi ba ya ceton mace mai goyo. Muna roƙon hukuma da sarakunan ruwa su tara su a mashigi kafin ruwa ya kawo kowace damina, a ƙidaya rigunan ruwa a gaban jama'a, a rubuta yawan mutanen da kowane jirgi zai ɗauka da fenti a jikinsa.