Simintin Kalambaina Da Zaman Talakan Sakkwato

Duk wanda ya san birnin Sakkwato kafin samun mulkin kai zai tuna da gidajen ƙasa, da soraye masu rufin azara, da magina waɗanda ke yin yaɓe kowace shekara kafin saukar damina. A yau kuwa, bulo da kwano su ne suka mamaye gari. Ba za a fahimci wannan canji ba sai an waiwayi ma'aikatar siminti ta Kalambaina, wadda ke wajen kilomita 10 daga birnin.

Gwamnatin Jihar Arewa, a zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ita ce ta kafa Kamfanin Siminti na Arewacin Nijeriya a 1962, saboda ɗimbin dutsen farar ƙasa da Allah Ya shimfiɗa a yankin. Ma'aikatar ta soma aiki a 1967 da ƙarfin fitar da tan 100,000 a shekara. A wannan shekara ce kuma Sakkwato ta zama hedkwatar Jihar Arewa Maso Yamma. Daga nan sai aka shiga gina ofisoshi da gidajen ma'aikata, sannan aka kafa jami'a a 1975. Wato dai siminti da bukatarsa sun iso gari a lokaci guda.

Abu na farko da ya sauya shi ne yadda mutum ke neman abinci. Tun kaka da kakanni, manomin ƙasar Sakkwato in ya gama girbi sai ya ɗauki sandarsa ya tafi cin rani, wani har Kurmi, ba zai komo ba sai ruwa ya sauka. Ma'aikata ta zo da wani tsari dabam: agogo, da aikin dare da na rana, da albashi a ƙarshen wata. Tanderun siminti ba a kashe shi don damina ta faɗi, saboda haka wanda ya kama aiki tilas ya bar wa ƙannensa gona, ko ya biya 'yan ƙwadago. Ya sami tabbacin abin sawa a baki ko da fari ya auku, kamar yadda aka gani a 1973, amma ya rasa ikon da yake da shi a kan lokacinsa.

Abu na biyu shi ne muhalli. Gidan siminti ya hutar da mai gida daga yaɓen shekara-shekara da fargabar rushewar katanga cikin watan Agusta. Sai dai a gari mai zafin bazara irin Sakkwato, ɗakin bulo da kwano ya kan zama tanda da rana, alhali kuwa soron ƙasa na riƙe sanyi ba tare da fanka ba. Ta haka talaka ya wayi gari yana bukatar wutar lantarki, wadda ba kullum ake samunta ba. Su kuma maginan gargajiya, waɗanda sana'ar ta zame musu gado, sai suka ga birkiloli da masu buga bulo sun karɓe kasuwa.

An faɗaɗa ma'aikatar a 1985 da sabon sashe mai fitar da tan 500,000. A shekarar 2000 aka sayar da ragamarta ga kamfanin Scancem na ƙasar Norway, daga bisani ta koma hannun kamfanin BUA na Alhaji Abdul Samad Rabiu a 2010. An buɗe sashe mai tan miliyan 1.5 a 2018, sannan Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe wani mai tan miliyan 3 a watan Janairun 2022.

A nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani. Sana'ar siminti ta injuna ce, ba ta yawan hannaye ba. In abin da ake fitarwa ya ninka sau goma, ba ya nufin ma'aikata sun ninka haka. Mafi yawan masu cin abinci a gindinta suna waje da ƙofa ne: direbobin tirela, da yaran mota, da 'yan dako, da masu sayar da abinci. Tun da layin dogo bai wuce Ƙauran Namoda ba, a kan titi ake jigilar kowane buhu. Waɗannan bayin Allah ba su da fansho, ba su da hutun rashin lafiya. Ga kuma ƙauyukan da ke maƙwabtaka da wurin haƙar dutse, waɗanda a ko'ina cikin duniya su ne ke fara rasa gonaki, su ne kuma ke shaƙar ƙura.

Haka nan kusanci da ma'aikata bai sa buhu ya yi wa Basakkwace araha ba. A watan Fabrairun 2024 farashi ya yi tashin gwauron zabo a ƙasa baki ɗaya, har Gwamnatin Tarayya ta zauna da kamfanoni aka tsayar da Naira 7,000 zuwa 8,000 a kan buhu. Talakan da ya bar ginin ƙasa ya tsinci kansa tsaka mai wuya: magina sun yi ƙaranci, siminti kuma ya fi ƙarfinsa.

Ba wanda zai musa amfanin Kalambaina, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, ta isa ta riƙe majema da dukawa masu yawa in aka sarrafa ta a gida. Ya rage ga hukuma ta tallafa wa irin waɗannan sana'o'i masu ɗaukar jama'a, ta koyar da matasa aikin injuna, ta kuma riƙa auna ƙura a ƙauyukan da ke kewaye da ma'aikatar tana bayyana sakamakon ga mutanen da abin ya shafa.