Furen Da Ake Ci, Da Irin Da Ke Salwanta A Magami

A kasuwannin furanni na Turai akwai wani fure da ake kira Matthiola, wanda aka raɗa wa sunan Mattioli, likitan Italiya na ƙarni na 16. Asalinsa gaɓar tekun Bahar Rum, danginsa su kabeji, ƙamshinsa kuwa kamar na kanumfari. Ana yanka shi don ƙawata ɗaki, ana kuma barbaɗa shi a kan abinci. Masu sha'awar lambu a biranen Arewa sun fara sayen irin furannin ƙetare irinsa ta intanet, sau da yawa ba tare da sanin cewa ɗan sanyi ne ba. In ba a tsakiyar hunturu ba, zafin Gusau ba zai bar shi ya yi fure ba.

Akwai darasi a cikin halittarsa. Wanda ya fi kyau, mai ninki biyu, ba ya yin iri ko kaɗan. Daga mai falle ɗaya, wanda ido ke rainawa, ake samun irin da zai haifi kyakkyawan. Da manoman Turai sun watsar da shi, da tuni furen ya ƙare.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga cin fure. Gurjiya takan yi jajayen furanni a lokacin ɗari, bayan ta zubar da ganye, mata su tsinto ƙoƙon furen su busar, su yi miyar yauƙi. Furen zogale na shiga miya. Sai kuma yakuwa, wadda mutanen Zamfara da Sakkwato ke kira sure, shukar da ba a yar da komai nata: ganyen na taushe da fate, ƙoƙon furen shi ne soɓorodo, 'ya'yan kuwa, wato gurguzu, da su ake daddawar batso. Akwai ja, akwai baƙi-baƙi, akwai fari mai tsami. Ba kamfani ne ya ware waɗannan iri ba. Tsofaffin mata ne, kowace kaka, suke zaɓen gindin da ya fi albarka su ƙulle irinsa a tsumma.

Wannan ƙullin shi ne yake cikin haɗari a yau. Hanyar da ta tashi daga Gusau ta bi Magami zuwa Ɗansadau ta daɗe da zama abin tsoro saboda 'yan bindiga, kuma ƙauyuka da dama na wannan yanki, da na Tsafe da Bunguɗu, sun watse. Wanda ya gudu da dare ba ya tsayawa neman ƙullin iri. In an ƙona rumbu, hatsi ne ake lissafawa, ba a lissafa irin da ya shekara aru-aru yana sabawa da ƙasar wurin da damininta. Sure ba ya fure sai yini ya fara gajarta, wajen ƙarshen damina, don haka irin da ya dace da wani yanki ba lallai ya dace da wani ba. Ƙarfin tsiron iri kuma raguwa yake yi a cikin zafi. 'Yan damuna kaɗan ba a shuka ba, sai a wayi gari ya mutu a cikin tsumma.

Mai hankali zai iya cewa: ana ta rai, wa yake ta fure? Maganarsa na da nauyi, tsaro ne a gaba. Amma ranar da mutane za su koma gonakinsu, da me za su koma? Soɓorodo ba kayan ado ba ne. Nijeriya na fitar da shi zuwa ƙasashen waje, musamman Meziko, kuma Jigawa da Kano sun mai da shi sana'ar manya. Ba ya buƙatar taki mai yawa, yana jure ƙarancin ruwa, ana shuka shi a gefen gero ko a kan iyakar gona. Galibi kuɗinsa na mata ne. Ga bazawarar da ke gudun hijira a bayan garin Gusau, kunya biyar ta sure na iya zama jarin sayar da zoɓo.

Duniya ta ga irin wannan. Da yaƙi ya ci Halab a Siriya, cibiyar binciken noma ta ICARDA ta rasa damar isa ga taskar irinta. A 2015 ta karɓo kwafin da ta ajiye a rumbun Svalbard na ƙasar Norway, ta sake shukawa a Labanan da Maroko. Ajiya ce ta cece ta, kuma ajiyar an yi ta ne tun kafin wuta ta kama.

Ba sai an je Norway ba. Nijeriya na da taskar iri ta NACGRAB a Ibadan, ga Cibiyar Binciken Noma ta Samaru a Zariya, ga Jami'ar Tarayya ta Gusau a bakin ƙofa. Abin da ake bukata ƙarami ne: ɗalibai su bi matan Magami da ke zaune a Gusau, su karɓi ɗan abin da ya tsira, su rubuta sunan kowane iri da garin da ya fito, a shuka shi a filin jami'a, a mayar wa masu shi ninkin abin da suka bayar. Ma'aikacin da ke da fili a bayan gida, wanda yake shirin sayen irin Holan, zai iya ware kunya ɗaya ga farin soɓorodo. Reshensa a cikin tulu ma ba ya jin kunyar kowane falo.

Ba laifi ba ne a gwada furen ƙetare a hunturu. Sai dai shi ko ya mutu, gobe kamfani zai aiko da wani. Irin Magami kuwa, in ya tafi, babu kantin da ke sayar da shi.