Siririyar Kwamfuta: Kyan Ɗan Maciji

Masu jiran ci gaban labari ku yi mini afuwa, yau faɗa na zo yi. Faɗana kuwa da wannan yayi ne na sayen laftof siririya kamar faifai, wanda ya kama samarinmu daga Yelwa har Wara da Shanga, har na ji wasu marubuta na tara kuɗi wata da watanni don su mallake ta.

Abin ya samo asali ne a Janairun 2008, ranar da Steve Jobs ya zaro MacBook Air daga cikin ambulan, 'yan kallo suka ɗau tafi. Ramin USB ɗaya tal gare ta, babu wurin saka CD. A 2011 kamfanin Intel ya biyo sahu da abin da ya kira Ultrabook, daga nan kowa ya shiga gasar rama. To amma mai karatu, don wane gari aka ƙera ta?

Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa a yi aiki da kwamfutarsa a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. Wanda ya taɓa yin Maris da Afrilu a Yauri ya san arba'in ba baƙuwarmu ba ce. Ita kuma siririya ba ta da wurin fanka ta kirki, wata ma babu fankar sam. Da ta ɗau zafi sai injin ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Ka biya kuɗin doki, ka koma gida da jaki.

Ga ƙurar hunturu. Daga 2015 zuwa 2019 Apple ya yi ta sayar da wani kibod da aka matse don a rage kauri, ƙwayar ƙura kaɗan ta shiga ƙarƙashin harafi sai ya maƙale ko ya riƙa fitowa biyu-biyu. A 2022 sai da ya amince ya biya dala miliyan 50 ga waɗanda suka kai shi ƙara a Amurka. A Amurka fa, inda ake zama cikin iyakwandishan! Ina ga marubuciyar da ke buga babi na arba'in a tsakar gida, iska na kwaso rairayi?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gyara. A yawancinsu an like RAM da dalma a jikin allon injin, ba ya ciruwa, ba ya ƙaruwa. Batir a manne da gam. A wasu har ma'ajiyar bayanan an like ta, wato ranar da allon ya mutu, littafinka ya bi shi kabari, in ba ka ajiye kwafi a wani wuri ba. Tsohuwar ThinkPad ko Dell ta gwanjo kuwa, yaro mai sukundireba zai buɗe ta ya canza abin da ya lalace kana zaune. Siririya sai dai ka ba direba a tasha ya kai Beirut Road a Kano, ka zauna kana addu'a.

In ka yi ƙorafin allon ya yi ƙanƙanta, ido na ciwo, wuya na sagewa, sai 'yan gayu su ce ai sai ka haɗa da monita. Madalla. Ta wane rami? An cire VGA, an cire HDMI, sai ka sayi adafta, kasuwa kuma cike take da jabu masu sa hoto ya riƙa ƙiftawa. Shi kansa Apple da ya cire HDMI daga MacBook Pro a 2016, ya dawo da shi a 2021 ba tare da ya ce wa kowa uffan na ban haƙuri ba.

A ce ma ka samu adafta mai kyau. Monitar tebur ba ta da batir. Da an ɗauke wuta ta zama madubin duba fuska. Mu ne kuwa ke bakin tafkin Kainji, madatsar da aka gama a 1968 bayan an tashi garuruwan kakanninmu, wutarta ta bi manyan wayoyi zuwa Birnin Kebbi har a sayar wa Nijar, mu muna lissafin awannin da aka kawo. Sai ka tada janareta don monita, a farashin fetur na bayan cire tallafi a 2023. Siririya, adafta, monita, kibod na waje, janareta: ina sauƙin da aka ce an saya?

Na san amsar da za a ba ni: ba ta da nauyi, kuma sababbin suna riƙe caji kusan yini guda. Wannan gaskiya ne, kuma ga ma'aikacin da ke hawa jirgin ruwa zuwa ƙauyukan tsibiri abin dubawa ne. Amma marubuci a zaune yake aiki. Ni dai in ƙanena ya zo da kuɗinsa, mai allo inci 15 zan nuna masa, mai ramuka, mai marfin da ke buɗuwa, ya kuma tabbatar tana ɗaukar Windows 11, tunda Microsoft ya daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025. Canjin da ya rage ya sa a sola.