Haruffa Masu Lanƙwasa A Bakin Iyaka: Darasi Daga Tarihin Inkscape

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta yi arewa, ya isa Illela ranar Lahadi da kasuwa ke ci, zai tarar da garin cike da rubutu ta kowace fuska. Ga allunan 'yan canji masu musayar naira da sefa, ga na masu sayar da magani, ga kuma rubuce-rubucen jikin manyan motocin da ke jiran ƙetarawa zuwa Birnin Ƙonni. Amma in manazarcin Hausa ya dube su da idon basira, ransa zai ɓaci. Sau da yawa akan rubuta "masaukin baki" a inda ake nufin baƙi, ko "kasa" a inda ake nufin ƙasa. Lanƙwasar nan da aka san rubutun boko da ita tun zamanin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin 1939, yau ga ta tana zubewa a kan titi.

Bai kamata a ɗora wa masu zane laifin duka ba. Mai fenti da buroshi na dā, in ya so lanƙwasa wa harafi kai, hannunsa kawai zai karkata. Yau aikin ya koma kwamfuta. A yawancin shagunan ɗab'i na Arewa manhajar CorelDRAW ake amfani da ita, wadda wani kamfanin Kanada ya fitar a 1989, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa galibi kwafin bayan fage ne, domin kuɗin na halas ya fi ƙarfin ƙaramin shago. Da yawa daga samfuran haruffa masu ƙawa da ke yawo a shagunan nan ba su da ɓ da ɗ da ƙ. In yaro ya buga su sai ya ga akwati fanko, ga mai aiki a tsaye yana jira, sai ya sa k ya wuce.

Kafin a zo ga magani, ya kyautu a san cewa zanen kwamfuta iri biyu ne. Akwai na ɗige-ɗige, irin hoton waya, wanda kan dushe in an faɗaɗa shi. Akwai kuma na lissafi, wanda kwamfuta ke adana shi a matsayin layuka da lanƙwasa masu ma'auni, ta yadda zane guda zai dace da hatimi, ya kuma dace da allon bakin hanya. Tushensa na komawa ga masana biyu na kamfanonin mota a Faransa, wato Paul de Casteljau na Citroën da Pierre Bézier na Renault, waɗanda suka yi aikinsu wajejen 1960. Kusan kowane harafin kwamfuta na yau irin wannan zane ne.

A nan ne tarihin Inkscape ya zama abin lura. Asalinta wata 'yar manhaja ce mai suna Gill, ta Raph Levien. Daga jikinta Lauris Kaplinski, mutumin Estoniya, ya gina Sodipodi. A 2003 sai ra'ayi ya saɓa tsakanin masu aikin Sodipodi. Mutum huɗu, wato Ted Gould da Bryce Harrington da Nathan Hurst da wani mai laƙabin MenTaLguY, suka ga ya kamata a bi ƙa'idar SVG sau da ƙafa, wato tsarin adana zanen lissafi da ƙungiyar W3C ta amince da shi a 2001, a kuma ƙara buɗe ƙofa ga masu kawo gudummawa. Sai suka ɗauki kwafin aikin suka kama tasu hanya, ba shari'a ba tara, domin lasisin GPL ya halatta wa kowa ya kwafa, ya gyara, ya rarraba, muddin dai zai bar wa na bayansa wannan 'yanci. Suka sauya harshen ginin daga C zuwa C++, suka yi ta lallaɓawa, akasari da aikin sa kai, har shekara 16 da 'yan watanni kafin su kira ta fitowa ta 1.0 a watan Mayu na 2020. Sannu ba ta hana zuwa.

Darasin a fili yake. Mutanen nan ba su zauna jiran wani kamfani ya tuna da bukatarsu ba. To, ashe ɗalibin Hausa ba shi da hujjar zama yana kukan cewa Bature bai ƙera masa ƙ ba. Aiki uku ne ke jiran sassan Hausa, musamman na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke maƙwabtaka da Illela. Na farko shi ne haruffa. Akwai samfuran kyauta masu ɗauke da lanƙwasa, irin su Andika da Charis da Noto, sai a kai su shaguna tare da koyar da yadda ake buga su. Waɗanda ba su da ita kuwa, in lasisinsu ya yarda, sai a zana musu ita da Inkscape, a harhaɗa da FontForge. Na biyu shi ne fassara umarnin manhajar zuwa Hausa, aikin da ya fi rubutun neman digirin da zai kwanta a kanta amfani. Na uku shi ne adana zane-zanen gado, kamar dagi, da aska takwas ta babbar riga, da zayyanar alarammomi, da adon magina, a cikin taskar da kowa zai ɗiba.

Illela ta fi ko'ina dacewa da gwajin wannan aiki. Hausa guda ake yi a can da Ƙonni, amma Nijar na rubuta ƴ a inda Nijeriya ke rubuta 'y, saboda haka samfurin da zai yi wa kasuwar nan hidima tilas ya ƙunshi duka biyun. Bugu da ƙari, an rufe iyakar nan daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, fatake suka ji a jikinsu. Amma fayil ɗin zane ba ya tsayawa a shingen kwastan.

Mai adawa zai ce ai manhajar kuɗi ma tana iya buga ƙ in an ba ta samfurin da ya dace, kuma Inkscape ta daɗe tana da rauni wajen launuka huɗun da manyan injinan ɗab'i ke bukata. Duka biyun gaskiya ne, ba wanda ya ce mai shago ya watsar da abin da ke ciyar da shi dare ɗaya. Sai dai jami'a ba za ta koyar da kayan sata ba, ba ta kuwa da kuɗin saya wa kowane ɗalibi lasisi. Abin da za ta iya miƙa wa ɗalibi da mai shago ba tare da jin kunya ba, shi ne wanda yake halas ga kowa.

A taƙaice dai, ƙa'idar rubutu ba a ɗakin taro take rayuwa ba, a jikin allon kasuwa take, inda yaro ke fara haɗa baƙi. In masana suka bar wannan fage, mai shagon da ke gaggawa shi zai yanke wa Hausa hukunci. Kayan aiki dai ga shi kyauta, saura masu ɗauka.