Kafin Ki Biya Kafinta Cikon Kuɗi, Ɗauki Tef Ɗinki

Kaka ta yi, Zuru ta fara shirin Uhola, bukukuwan aure kuma sun kunno kai. Na san da yawa cikinmu kuɗin adashi ya riga ya tafi hannun kafinta.

Bara muka yi wa 'yar yayata jere. Ba a yi wata biyu ba, ƙofar wadirob ta ƙi rufuwa, durowa kuma sai an yi kokawa da ita. Kafinta ya ce hunturu ne. Da wani dattijo cikin masu sana'ar ya zo ya auna, sai ya ce tun wurin yanka aka samu karkata.

Ga yadda abin yake. Falankin da ake yin kayan ɗaki da shi, mai ƙafa 4 da ƙafa 8, ana yanka shi ne a kan injin zarto mai teburi da ke zamewa. A jikin teburin akwai ƙarfen da ake jingina katako, kuma dole ya tsaya daidai digiri 90 da layin yanka. Bugun katako na sa ya goce, garin katako ma kan maƙale a wurin. Karkatar milimita 1 a tsawon santimita 60 tana zama milimita 3 a ƙofa mai santimita 180.

Ƙwararru suna gwada injin da yanka biyar. Za a yanke gefe huɗu na falanki, ana juya shi kowane karo ana jingina sabon yankan da ƙarfen. A karo na biyar a fitar da siririn yanki, a auna faɗin bakinsa biyu. Bambancin da aka gani ninki huɗu ne na kuskuren. Sai a cire wuta, a sassauta noti, a ɗan matsa ƙarfen, a sake gwadawa.

Ke kuwa uwar amarya, tef ɗin ɗinki ya ishe ki. Ki auna ƙofar daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, sannan ki auna ɗayar. In sun zo ɗaya, lafiya lau. Ko ki auna santimita 30 daga kusurwa a gefe ɗaya, 40 a ɗaya gefen. Tsakanin alamun biyu dole ya ba ki 50. Ki yi wannan a shagonsa, a kan daɓe mai daidai, domin ƙasa marar daidai ma tana murɗa wadirob.

Ki ce masa cikin mutunci, "Malam, mu auna tare." Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, kuma gyara a shago ya fi sauƙi da a kwance kaya a ɗakin amarya.

Wadda ta taɓa cin karo da irin wannan ta ba mu labari a ƙasa. Allah Ya sanya albarka a auren 'ya'yanmu.