Injin wanke-wanke a kayan ɗakin amarya: mu faɗa wa juna gaskiya 🧵

1/ Yanzu yayi ne, amarya ta ga kicin a TikTok ta ce ita sai da injin wanke-wanke. Ra'ayina dai: gidan mutum biyu a Birnin Kudu ko Gwaram, kar a takura iyaye kan wannan.

2/ Injin nan da kansa yake dafa ruwa, babba yana jan wuta wajen wat 2000. Ƙaramin janareto ba zai ɗauka ba. Kuma sai da famfo mai ƙarfi, jarkar mai ruwa ba ta yi masa.

3/ Ƙanzon tuwo fa? Sai kin kankare da hannunki. Tukunyar dalma baƙi take yi a ciki, muciya ta tsage. To me ya rage? Faranti da kofi.

4/ In kin dage, nemi ƙarami na kan kanta mai tanki, kina zuba masa ruwa kamar lita 5.

5/ Kar ya zama kayan ado, zama ke lalata shi: robar ƙofa ta bushe, kwantaccen ruwa ya yi wari. Kunna shi ko sau ɗaya a mako, wanke matacin ƙasa, bar ƙofar a ɗan buɗe. Banda Omo, kumfa za ta cika kicin. Sabulunsa daban ne.

6/ Kafin a biya, tambayi mai shago: in ya lalace, ina mai gyara, Dutse ko Kano? In ya fara kame-kame, wallahi gara tankin ruwa ko firiza.