SELECT MAX(id) ba dabara ba ce, ganganci ne

1/ Masu rubuta kod, ku matso kusa. Akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu, kuma na san wasu za su ji haushina. Ka saka sabon layi a databes, kana son lambar id da aka ba shi, sai ka buga SELECT MAX(id). Don Allah a daina. 🧵

2/ Ƙaninsa ma haka yake: ORDER BY id DESC LIMIT 1. Uwa ɗaya uba ɗaya. Dukansu tambayar da suke yi ita ce "wa ya shigo ƙarshe?" Kai kuwa abin da kake son sani shi ne "wace lamba aka ba nawa layin?" Ba ɗaya ba ne.

3/ Ɗauki misalin shagon intanet. Wata a Kano ta danna saye, odarta ta shiga, lamba 500. Kafin kod ɗinka ya juyo ya tambayi MAX, wani a Gusau ya danna nasa, ya samu 501. MAX ya miƙo maka 501. Atamfarta da kuɗinta sun hau kan odar wani bawan Allah.

4/ Abin takaicin, babu jan rubutu, babu komai. Kod ya gudu lami lafiya. Sai bayan kwana uku kwastoma ta kira tana faɗa. Yanzu ka cire atamfa ka sa sakamakon gwajin jini a asibiti, ko rasit ɗin kuɗin makaranta.

5/ "Ai a laptop ɗina yana aiki." Malam, kai kaɗai ne a laptop ɗinka. Da wa za ka yi karo?

6/ Masu cewa "ai na sa shi cikin transaction", ku ma ba ku tsira ba. PostgreSQL a yadda yake zuwa, kowace tambaya tana ganin abin da wasu suka riga suka kammala sakawa. 501 ɗin nan dai za ka gani.

7/ Kuma fa ba wahala aka guje wa ba, don hanyar gaskiya ta fi gajarta. A PostgreSQL: INSERT ... RETURNING id. Umarni ɗaya, ka saka, ya dawo maka da lambarka. SQLite ma ya samu RETURNING tun sigar 3.35 a 2021.

8/ MySQL na da LAST_INSERT_ID(). Wasu na tsoronsa saboda sunan, suna zaton na kowa ne. A'a, kowane haɗi da nasa. Ko mutum dubu sun saka layi bayanka, lambarka za ta dawo, muddin ka tambaya ta haɗin da ka yi INSERT ɗin. 'Yan PHP, lastInsertId() na PDO yana nan yana jiranku.

9/ Tarko biyu a nan. Idan ka saki haɗin ka ɗauko wani, ka rasa lambar. Idan kuma ka saka layi biyar da INSERT ɗaya, lambar na farko zai ba ka, ba na ƙarshe ba.

10/ 'Yan SQL Server, @@IDENTITY ma mayaudari ne. In akwai tiriga da ke rubutu a wani tebur, lambar wancan tebur ɗin za ka karɓa. Ku yi amfani da SCOPE_IDENTITY() ko OUTPUT INSERTED.id.

11/ Fushina ba da masu koyo yake ba. Da masu koyarwa yake, waɗanda ke ɗora bidiyo a YouTube suna nuna wa yara MAX(id), wasu har da MAX(id)+1 don su ƙirƙiro lambar da hannunsu, su ce "a haka dai tukuna." Yaron nan da wannan kod ɗin zai je ya karɓi kwangila.

12/ Mai musu ya gwada da kansa: ya rubuta ɗan kod da zai tura oda 200 lokaci guda, ya kwatanta lambar da kowace ta karɓa da wadda ke cikin tebur. Ya ɗauko hoton sakamakon ya ajiye a ƙasan nan, ina jira.